Zuwa Ga Mai Wando Lamba 36

Ɗan Gwaggo, bawana na gado, ina gaisuwa. Kai ya kamata ka fara gaida ubangidanka, amma na yafe maka, domin na ji an ce durƙuso ya fara yi maka wuya.

Labarin abin da ka yi a shagon tela ya riga ka isa gida, daga gida ya hau motar tumatir ya iske ni a Funtua. An ce ka kai shadda yadi 5 a ɗinka maka kaftani da wando na bikin ƙanwarmu. Tela ya auna tsayi, ka yi shiru. Ya auna kafaɗa, hannu da wuya, kana ta murmushi kana duba waya. Da ya zo ƙugu ya zagaya tef, hannuwansa suka haɗu da kyar kamar mai rungumar kuka, ya ce wa yaronsa, "Rubuta 43." Nan fa ka yi salati. Ka ce tun shekarar da aka ɗaura maka aure 36 kake sawa, kuma don kada a ce ba ka da shaida ka ɗage riga a gaban jama'a, ka juyo bakin wandon jins ɗin da ke jikinka, ka nuna lambar. Ka ce tef ɗin ɗan Chana ne. Ka ce so yake ya ce yadin bai isa ba, ko ya rage abin da zai yi wa ɗansa 'yar shara. Ka naɗe shaddarka ka fita kana huci, yaran shago suna cusa kai cikin keke don kada ka ga dariyarsu.

Tun da ɗan mace ba shi da mai tsaya masa sai ubangidansa, na ɗauki maganar da kaina. Wando ya ce 36, tef ya ce 43. Inci 7 sun ɓace tsakanin Danja da Danja, kusan taƙi guda ke nan, kuma ni ba zan bar dukiyata tana salwanta ban bi sawu ba.

Kafin komai, ka san abin da kake iƙirari kuwa? Inci 36 shi ne yadi ɗaya cif. Wato cewa kake idan aka yanko yadi guda daga shaddar nan aka zagaya cikinka, baki zai haɗu da baki. Ɗan Gwaggo, ka ji tsoron Allah. Ranar sunan ɗan autanka na ga ka ɗaura tawul ka fito daga wanka, kana riƙe da shi da hannu biyu kamar mai tsallaka rafi.

Ranar Asabar na zo gida kana Dabai wajen cinikin masara. Uwargida, Allah ya saka mata da alheri, ta ciro mini wandon daga igiyar shanya ba tare da na roƙa sau biyu ba. Na ɓalla maɓallin, na shimfiɗa shi a tabarma, na ɗora tef daga wannan gefe na bakinsa zuwa wancan: inci 20. Gaba da baya, 40 ke nan. Na sake gwadawa don kada in zalunci bawa, ya sake ba ni 40. Ashe wandon da ka ɗage riga ka kafa shaida da shi, shi kansa bai san nawa yake ba. Inci 4 daga cikin 7 sun fito tun ban tashi daga tabarma ba.

Kada ka ce naka ne kaɗai maƙaryaci, sana'ar ce haka. A shekarar 2010 wani marubuci mai suna Abram Sauer ya ɗauki tef ya shiga kantunan Amurka, ya bi wandunan da duk aka rubuta wa 36 yana aunawa, ya buga abin da ya gani a mujallar Esquire. Na H&M ya ba shi 37. Na Gap ya ba shi 39. Na Old Navy kuwa 41, ƙarin inci 5 a kan abin da ke rubuce. Sababbi ne fil, ba wanda ya taɓa sa su. Dalilin bai wuce wanda kai ma ka sani a kasuwa ba: mutum ya fi sakin kuɗi inda aka faranta masa. Jama'ar can suna ta ƙiba shekara da shekaru, kuma mai kanti ya lura cewa idan mutum ya gwada 36 a wurinsa ya ƙi shiga, ya je maƙwabci ya shiga, to maƙwabci ne zai ci kuɗin, ya kuma samu abokin ciniki na dindindin. Sai kowa ya shiga buɗa wando yana barin lambar yadda take. Lambar nan maroƙiya ce, ɗan Gwaggo. Irin maroƙin da zai gan ka a kan babur ɗin aro ya kira ka mai Danja da kewaye, kai kuma ka sa hannu a aljihu. Bambancin kawai, shi maroƙi kowa ya san aikinsa ke nan, ba mai kai shi kotu ya ba da shaida.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a ce kai ne lamba za ta ruɗa. Kai da ka tsufa a cikin buhuna! Ka fi kowa sanin cewa "buhu" suna ne, ba nauyi ba. Wanda ake ce wa mai tiya 40, sau nawa ka juye shi ka samu 40 ɗin? Ka san tiyar saye, ka san tiyar sayarwa, ka san wadda aka bubbuga wa gindi ta faɗa ciki, ka san yadda mai awo yake kara hannu a baki idan shi ne mai saye ya janye shi idan shi ne mai sayarwa. Kwandon tumatir da dillalan kudu suke kawowa a cika musu a fadamun Danja, kai da bakinka kake cewa kowace shekara ƙara ciki yake yi, sunansa dai kwando. To wando ma haka. Yana ƙara ciki, sunansa dai 36. Da kwandon da wandon da mai wandon, duk tafiyarku ɗaya.

Su Turawan ma sun taɓa ƙoƙarin tsayar da mudu ɗaya, abin ya gagare su. Za ka ji daɗin wannan tun da kai manomi ne: Ma'aikatar Gona ta Amurka ce ta fara aikin. Tsakanin 1939 da 1940 aka auna mata wajen 15,000, kowace a wurare sama da 50 na jikinta, don a gano lambobin da za su dace da kowa. Daga baya, a 1958, gwamnati ta fitar da ma'aunin kayan mata na ƙasa. Kamfanoni suka bi shi na ɗan lokaci, suka ga yana hana su yi wa masu saye daɗin baki, suka yi ta zamewa, har aka soke shi a 1983. Tun daga nan kowane kamfani da tiyarsa. Su mata lambarsu, 10 ko 12 ko 14, ba ta ma da'awar inci ce. Ta maza ce ke sa rigar gaskiya, tana cewa ita awo ce, shi ya sa ta fi cutar irinku.

Sannan ka tuna daga ina wandon ya fito. Ba a kanti ka saye shi ba, kada ka musa, ina tsaye ka zaɓe shi a gwanjo. Kayan nan da a takarda an hana shigo da su ƙasar nan, amma suna sauka Kwatano su bi hanyar da suka sani, su iso Ƙofar Wambai a Kano, daga can a rarraba su zuwa Funtua da kasuwannin ƙauye. Dila ɗaya idan aka yanke mata ɗauri, duniya ce take zubowa: na Amurka, na Ingila, na Italiya, na Koriya, na Chana, kowanne da lissafin garinsu. Ka tuna wani baƙin wando mai kyau da mai gwanjo ya miƙo maka, ka ga 52 a jiki, ka jefar kana cewa ya raina ka, kai ba buhun auduga ba ne? Lissafin Italiya ne, su da santimita suke aiki, kuma lambar tasu daga rabin faɗin ƙirji aka ɗauko ta. Wanda suke kira 52 shi ne Amurkawa suke kira 36. Ka jefar da lambarka da hannunka. Haka rigar da aka rubuta wa XL a Chana, da kyar ta kai L ta Amurka. Wata rana ka sa irinta ka zo ɗaurin aure, muka yi ta addu'a kada ka yi atishawa.

Kuma wandon gwanjo yana da tarihi. Kafin ya zo hannunka wani ƙato ya yi shekaru yana zama da tashi a cikinsa, ya ci ya ƙoshi a cikinsa, ya buɗa masa baki. Yadin jins yana saki idan ana sawa, ya ɗan tsuke idan an wanke, balle na yanzu da ake saƙawa da zaren roba a ciki. Saboda haka cikin inci 4 ɗin nan, wani na kamfani ne, wani na marigayi ko mai rai da ya riga ka ne, wani kuma aikin hannunka ne, ko in ce aikin cikinka. Ban iya raba muku gadon ba.

Na san abin da za ka ce: ai ka gwada kafin ka biya. Na gani. Ka kama bakin wandon ka zagaya shi a wuya, gefe ya taɓa gefe, ka ce ya yi. Ka kuma cusa hannu daga gwiwar hannu zuwa dunƙulen yatsu, kamu guda, ya shige. Dabarar 'yan gwanjo ce mai kyau, tun da ba a tuɓe wando a tsakiyar kasuwa, kuma tana aiki ga wanda ƙugunsa ya yi kusan biyun wuyansa. Amma wuya da hannu ba sa cin tuwo yadda ciki yake ci. Naka hannun yana nan yadda yake tun muna makarantar allo. Tambayar hannu labarin tumbi kamar tambayar maƙwabci ne abin da ke cikin rumbunka.

Saura inci 3, kuma su ne masu daɗin. Ɗan Gwaggo, a ina kake ɗaura wando? Lokacin da muke samari a kan cibiya yake zama. Da teɓa ta fara leƙowa sai ya ja baya kaɗan don a zauna lafiya. Ta ƙara matsowa, ya ƙara sauka. Yau wandonka ya tafi cirani kudu, ya yi masauki a ƙarƙashin mara, tumbi ya yi masa rumfa. Kan bel ɗinka rabon da ya ga rana tun kafin a canja kuɗi. Wanda ya biyo ka ta baya ya san kana da bel, wanda ya tare ka ta gaba sai dai ya ɗauka a kan amana. Hantsar wandon tana neman gwiwa, ƙafarsa tana share titi, kai kuma kana cewa an yi shi da tsawo. To a can ƙasan, inda ka koma, 40 ne. A sama inda tela ya sa tef, inda mutane suke da ƙugu, 43 ne. Wurin da wando ya ga dama ya tsaya daban, ƙugun mutum daban, kuma yawancin wandunan zamani da gangan ake yanka su su zauna a kan ƙashin kwankwaso. Tela bai ƙara maka ko rabin inci ba. Inda ka gudu ka bari ya je ya auna.

Zancen tef ɗan Chana kuwa, ka yi kusa da wata gaskiya ba ka sani ba. Akwai tef da ake yi don telolin Chana, mai ɗauke da nasu incin na gargajiya da suke kira cun. Kowane ɗaya santimita 3 ne da sulusi, alhali incin da muka gada daga Ingila santimita 2.54 ne. Wanda bai lura ba zai ɗauka duk ɗaya ne, ya yanka wa mutum riga ta fito kamar ta wansa. Amma lura da inda abin ya karkata: da irin wannan tef ɗin tela ya sa maka, ba 43 zai karanta ba, wajen 33 zai karanta. Da ka rungume shi ka ƙara masa kuɗin ɗinki. In kana so in nemo maka irinsa ka rataya a ɗaki, duk safiya ka auna ka ji sanyi a rai, sai ka aiko da kuɗi.

Ni dai ban ɗora wa Turawa laifin duka ba. Manyan kayanmu su ne suka fara rufa maka asiri. Kakanmu, wanda ni na gada ta wajen uba kai kuma ka raɓa ta wajen uwa, ya noma audugar da ake kaiwa Funtua a gurje, a ɗora a jirgin ƙasa zuwa masaƙun Ingila, zamanin kamfanin BCGA da har yau ake kiran wata unguwa da sunansa a garin. Bai taɓa sanin lambar ƙugunsa ba har ya koma ga Allah. Bujensa zai ɗauki mutum biyu, zariya ce take yanke hukunci: in an yi rani mai tsanani a ja ta, in kaka ta yi kyau a sassauta. Wando ɗaya tun daga angwanci har jikoki. Hikima ce babba, ba na musu. Sai dai shi yana da fartanya da take rage masa abin da tuwo ya ƙara, kai kuwa ka riƙe zariyar ka ajiye fartanyar. Zariya ba ta ƙarya, amma ba ta tsegumi. Babbar riga kuma ta lulluɓe sauran, a ce Alhaji ya murje, hutu ya zauna. Duk da haka ita ma tana ajiye lissafi a ɓoye. Uwargida ta ce da can zariyarka har gwiwa take lilo bayan ka ɗaure, yanzu kuwa bakinta guduwa yake cikin ƙubaka, sai ta bi shi da tsinke tana lallashi. Daga Danja zuwa Zariya tafiyar ba ta canja ba, amma daga wannan bakin zariya zuwa wancan, hanya ta ƙaru.

Yanzu matso in gaya maka wadda ba ta wasa ba, ko da yake ba zan daina dariya ba. Dalilin da ya sa na damu da inci 7 ɗin nan ba shadda ba ce. Ma'aikatan lafiya ba ruwansu da lambar wando. Tef suke sawa a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, kusa da cibiya, mutum yana tsaye, ya saki numfashi, ba ya haɗiye ciki kamar yadda ka yi wa tela. A lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da shi, namiji idan ya wuce santimita 94, wajen inci 37, haɗarin ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya ya fara ƙaruwa. Idan ya wuce 102, wajen inci 40, ya ƙaru sosai. Mata kuma 80 da 88. Kai 43 ɗinka santimita 109 ne. Ka ga aikin da lambar wando ta yi maka: ta ajiye ka a 36, inci guda ƙasa da layin farko, alhali ka tsallake na biyu ka ba shi baya.

Za ka ce a jikin Turawa aka fi gwada waɗannan lambobi, kuma da gaskiyarka. To ga wanda ba ya buƙatar inci ko santimita, balle a zargi Chana. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara a 2022 cewa ƙugun mutum kada ya kai rabin tsayinsa. Samo igiyar ɗaurin buhu, ka taka bakinta, ka ja ta zuwa tsakar kanka, ka yanke. Ninka ta biyu, ka zagaya a cibiya. In ta haɗu, ka zo in ba ka haƙuri a gaban Gwaggo. Tsayinka inci 67 ne, tela ya rubuta, kuma wannan ba ka yi gardama a kansa ba. Rabinsa 33 da rabi. Ka yi sauran lissafin da kanka, ai kai ne ɗan kasuwa.

Kitsen ciki ba irin na cinya ko na damtse ba ne. Ka sha tsayawa a kan mahauci ranar layya, ka ga farin kitsen da yake naɗe hanji da hanta da ƙoda. Irinsa ne, kuma shi ne yake hana jiki sarrafa suga yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga mutum hannu siriri, ƙafa siririya, ciki kamar tulu, yana cewa ai shi ba mai ƙiba ba ne. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Naka, da gaskiya ko babu, wuƙar sai ta yi zango kafin ta isa.

Ni na san ranar da abin ya fara. Da kai ne kake taka keke daga Danja zuwa Bakori ka dawo kafin azahar, kana ban ruwa a fadama har tafin hannunka ya yi kanta. Da Allah ya buɗa, 'yan ƙwadago suka karɓi noma, maganin feshi ya karɓi ciyawa, babur ya karɓi ƙafa, kai kuma ka karɓi benci. Amma malmalar tuwon masara ba ta ragu ba, sai ma ta samu abokan zama: shayi mai kauri da burodi da safe, lemon kwalba a kan kowane ciniki, tsire bayan isha'i, ga rake da mazarƙwaila da garinmu ba ya rasawa. Abincin mai huɗa kake ci, aikin mai ƙirga kuɗi kake yi. Kada kuma ka tambaye ni nawa nake sawa. Ba a auna ubangida.

Ga hukuncina. Ka mayar da shaddar nan wurin telan, ka gaishe shi da kyau, ka saya wa yaran shagon ƙosai saboda dariyar da ka sa suka haɗiye. Ka biya asibiti a duba maka jini da suga, ba don wani abu ya same ka ba, don in ka kwanta ni ne da asara, bawa ya yi tsada. Keken nan yana rataye a zauren Gwaggo, taya kawai yake so. Kuɗin sharar bana kuma, idan watan cika-ciki ya kama, ba zan aiko da shi ta waya ba kamar bara. Za ka zo da tsintsiya ka share ƙofar gidana da gaske, daga zaure har bakin titi, a sunkuye, ina zaune ina kallo, sannan in biya. Cika-cikin ma na ɗauke maka, ka riga ka yi na shekara 7 gaba.

Na biya ta shagon da zan koma Funtua. Telan ya ce bai riƙe ka a rai ba, kuma yadi 5 ɗin zai isa, in dai ka kawo kafin ka ƙara.